Zauren Maigida: Kafin A Sayi Kyamara, Wa Zai Amsa Kira?

 

Tun bayan harin da 'yan daban nan da ake kira "microbes" suka kai unguwar Bali a watan Satumba na 2024, inda aka rasa rai, zancen tsaron gida bai bar bakin magidantan Duwala ba. A ƙofar masallaci, a wurin suna, a layin 'yan canji, tambayar ɗaya ce: wace kyamara ta fi kyau, kuma nawa ce? Masu shagunan Akwa da Mboppi suna da amsa a shirye, kwali mai kyamara huɗu, kwali mai takwas, wadda ke gani da dare, wadda ke magana, wadda ke bin mutum da kallo. A ganina tambayar ta zo da wuri. Duk na'urar da za a girka a gida, aikinta bai wuce ta gani ko ta yi kururuwa ba. Abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne: idan ta yi kururuwar da ƙarfe biyu na dare, ruwa na zuba, wuta ta ɗauke, wane ne zai taso?

Amsar ta bambanta daga unguwa zuwa unguwa, kuma da yawanmu mun zauna a duka biyun. New Bell tsohuwa ce, tun wajen 1914 da Jamusawa suka ware ta, a nan kakanninmu fatake suka sauke kaya suka kafa zango. Gidajenta a cushe suke, lungunanta ƙanana, bango na jingine da bango. Wanda ya yi tari a ɗakinsa maƙwabci ya ji, balle wanda ya yi ihun ɓarawo. Mai shayi, mai tsire, ladan da ke fitowa kafin asuba, tsohuwar da barci ya ƙaurace wa, duk masu gadi ne da ba a biya. Bonamoussadi kuwa MAETUR da SIC ne suka yanka ta suka gina a shekarun 1980, da tituna masu faɗi da filaye masu lamba. Wanda Allah ya buɗa wa ya taso daga New Bell ya koma can, ko Makepe, ko Kotto, ko Logpom, ya samu sarari da iska, ya ja katanga mai tsawo. Sai dai katangar da ta hana ɓarawo leƙe ita ce kuma take hana maƙwabci gani da ji. Ɓarawon da ya riga ya dira ciki ya samu sitira, yana aikinsa a natse. Saboda haka abin da ya dace da gidan haya a bayan Kasuwar Kongo daban, abin da ya dace da gidan kanka a Bonamoussadi daban, kuma mai shago ba zai tambaye ka wannan ba.

Kuɗin farko na ƙofa ne. Malamanmu na fiƙihu, idan suna bayanin hukuncin sata, sukan tsaya a kan abin da suke kira hirzi, wato ma'ajin da ya dace da irin dukiyar, kuma wanda ya karanta Risala a zaure ya san wannan. Ma'ana, tun asali an ɗora wa mai dukiya nauyin ya killace ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maigida ya zaga gidansa da rana tsaka da idon ɓarawo. Ƙyauren ƙarfe mai kauri ba ya amfani idan ƙarfen da yake zaune a ciki an manna shi da ɗan siminti kaɗan, domin da ƙarfen tayar da taya za a ɓalle shi gaba ɗaya. Kwaɗo mai tsada a kan sakata mai laushi asarar kuɗi ne. A duba ƙofar kicin ta baya, wadda galibi ita ce mafi rauni. A duba rufi, domin kwano da silin na katako ba sa tsayar da kowa. A duba ƙarfen tankin ruwa da bishiyar mangwaro da ke jikin katanga, waɗanda tsani ne da maigida ya kafa da hannunsa. Gyaran waɗannan duka aikin mai walda ne da birkila, ana biya sau ɗaya, ba ya cin wuta, ba ya neman intanet.

A nan akwai wani abu da nake roƙon uwayen gida su tsaya a kansa ko da maigida ya yi gardama. Ƙarafan taga, waɗanda muke kira antibol, suna hana shiga, kuma haka suke hana fita. Garin da ake girki da tukunyar gas, ake kunna kyandir duk lokacin da wuta ta ɗauke, ake jona waya a kan waya, gobara ba baƙuwa ba ce a cikinsa. 'Yan kasuwarmu ba su manta da abin da ta yi wa Kasuwar Kongo a watan Fabrairu na 2019 ba. Shago ne ya ƙone can, ana iya sake cika shi. Ɗakin barcin yara mai ƙofa ɗaya da taga mai walda ta ko'ina, idan wuta ta tashi a falo, ya zama keji. Mai walda zai iya yanka antibol ɗin taga guda a kowane ɗakin kwana ya mai da shi mai buɗewa daga ciki, a rataye mabuɗin inda yaro zai kai amma hannun wanda ke waje ba zai kai ba. A ƙara da 'yar na'urar nan mai jin hayaƙi da ake mannawa a silin, mai aiki da ƙaramin batir. Tana cikin mafi araha a duk kayan da muke magana a kansu, kuma ita kaɗai ce aka yi domin rai. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, a koya wa yara ita. Umarnin da Manzon Allah (SAW) ya yi na a rufe ƙofofi a kuma kashe wuta kafin a kwanta ya haɗa haɗarin nan biyu a wuri ɗaya, bai kamata mu ɗauki ɗaya mu bar ɗaya ba.

Bayan ƙofa sai haske. Fitila mai cajin rana da ke kunna kanta idan ta ji motsi ta wadatar, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a baya. Ba sai an tsawaita ba.

Sai ƙararrawa. Tsarinta mai sauƙi ne: ɗan maganaɗisu a jikin ƙofa da taga wanda ke sanarwa idan an buɗe, na'urar jin ɗumin jiki a falo ko baranda, jiniya mai ƙara, da akwati mai ɗauke da layin waya wanda zai kira lambobin da aka ba shi. Wutar da take ci kaɗan ce, batirinta na iya kwana. Amfaninta a kan kyamara shi ne tana aiki a lokacin da abin ke faruwa, tana tashe ka, tana kuma tsorata wanda ya shigo. Cutarta ɗaya, ƙarya. Idan kyanwa ko labulen da fanka ke kaɗawa suka tayar da jiniya sau uku a mako, a na huɗu babu wanda zai ɗaga kai daga matashi. Don haka ingancin girkawa ya fi yawan na'urori muhimmanci, kuma ya kamata a gwada ta mako guda kafin a biya mai aikin cikon kuɗinsa.

To, ta yi kira. Wa zai amsa? Akwai 117 ta 'yan sanda da 113 ta jandarma. Amma mun san garinmu: tituna da yawa ba a san su da suna ba, kwatance ake yi da kantin magani da mashaya da gidan mai, kuma mai firgici ba ya iya kwatance. A rubuta kwatancen gidan da Faransanci, gajere, a manna kusa da gado, yadda ko yarinya za ta karanta shi a waya. Kafin jami'ai su iso kuwa, mintunan farko na maƙwabta ne. Wanda ya koma sabuwar unguwa ya shekara uku bai san sunan na jikin katangarsa ba, ya sayi jiniyar da za ta yi wa bango kuka. Abin da New Bell ke bayarwa kyauta, a Bonamoussadi sai an gina shi da gangan: a gaisa, a kai naman layya, a je gaisuwar rasuwa ko maƙwabcin Basa ne ko Bamileke ko Duwala, a san shugaban layi, a shiga kwamitin sa ido na unguwa idan akwai, a yi yarjejeniya cewa duk gidan da jiniyarsa ta tashi, sauran za su kunna fitilu, su busa usur, su kira hukuma. Ba a ce kowa ya fito ya tari mai adda ba. Haske da hayaniya daga gida biyar sun fi jarumtar mutum ɗaya.

Yanzu mu zo ga kyamara, tunda ita ce ke cin kuɗi. Ba na hana saye, tana da amfani: tana nuna wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa kafin a buɗe, tana sa wani ɓarawon ya canza shawara, tana ba da shaida. Amma ita kaɗai, ba tare da abubuwan da suka gabata ba, ihu ne bayan hari. Da safe za ka zauna ka kalli yadda aka kwashe kayanka.

Mai sayarwa zai cika ka da lambobi. Ga waɗanda suka shafe ka. Kyamarar da aka rubuta wa 2MP ko 1080p tana da ɗigo 1,920 a faɗin hotonta. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce, domin a tantance fuskar baƙo ana bukatar kimanin ɗigo 250 a kowace mita. Idan aka raba, ya nuna faɗin wurin da take kallo kada ya kai mita 8. Wanda ya kafa ta ta haɗa titi da tsakar gida da gareji a hoto guda zai ga mutum ya wuce, ba zai san ko wane ne ba, kuma da dare abin ya fi haka muni. Wanda ya kafa ta can ƙarƙashin rufin bene zai samu kyakkyawan hoton saman hula. Kyamara biyu a daidai wurin da dole mai shigowa ya bi, a tsayin da ya ɗan wuce miƙon hannu, sun fi takwas da aka watsa don ado. Wajen ajiya kuma, kyamara ɗaya irin wannan tana iya cin wajen giga 20 a yini idan tana naɗa ba tsayawa, huɗu su ci fiye da 80, faifai mai tera 1 ya cika cikin kwana 12 ya fara goge na baya. Mai tafiya Garwa ko Ngaundere ya yi wata guda ya san da wannan. Akwatin naɗiyar kansa, wanda suke kira DVR ko NVR, kada a ajiye shi a ƙarƙashin talabijin, domin shi ɓarawo zai fara ɗauka.

Sannan ga yanayin Duwala, wanda ba a rubuta shi a jikin kwali ba. Ruwan da ke sauka a garin nan ya haura milimita 3,500 a shekara, Yuli da Agusta kusan ba ɗagawa, iska kuma jiƙe take da gishirin teku. Kyamarar waje dole ta kasance mai alamar IP66 ko IP67, kuma mahaɗar wayoyinta a cikin akwati mai rufi, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta kafin damina ta biyu. Fitilarta ta dare tana jawo ƙwari, ƙwari su jawo gizo-gizo, saƙarsa ta rufe gilashin, sai an riƙa sharewa. Wuta kuwa, kamfanin ya sha sauya suna, daga SONEL zuwa AES-SONEL a 2001 zuwa Eneo a 2014, amma kowane gida har yau yana ajiye da tocila. Kyamara huɗu da akwatinsu suna jan wajen wat 40. Ƙaramin onduleur irin na kwamfuta, mai batir ɗin 7Ah, ba zai riƙe su awa biyu ba. Wanda ke son su kwana suna aiki sai ya nemi babban batir, irin mai 100Ah, wanda zai kai wajen awa 15 idan ba a so a tsotse shi ya lalace. A haɗa da abin kariya daga tsawa da dawowar wuta da ƙarfi. Masu dogaro da kallo ta waya kuma su tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya shafa. Na'urar da ba ta naɗa komai sai da intanet, ranar makauniya ce.

Ga yadda nake ba da shawarar a yi lissafi, na shekara uku, a takarda. Alkaluman nan misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ƙaddara kwalin ya tsaya a sefa 150,000, waya da girkawa 50,000. Wat 40 dare da rana ya kusa kilowat 29 a wata, a ƙiyasta shi a sefa 3,000, cikin wata 36 ya zama 108,000. Intanet na sefa 10,000 a wata ya zama 360,000. Jimla 668,000, ba a sa batir ba, ba a sa canjinsa ba, ba a sa gyara ba. Kuɗin da aka yi ta ciniki a kansa a shago bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi ya sa araha a wurin saye takan zama tsada a wurin riƙo, kuma shi ya sa gidaje da yawa ke da kyamarori a bango waɗanda suka daɗe da mutuwa. A tambayi mai sayarwa garanti a rubuce, a tambaye shi ko akwai kuɗin wata-wata da ke ɓoye a cikin manhajar, a kuma tambaye shi wa za a kira idan ta tsaya.

Wasu za su ce gara maigadi. Mutum ya fi na'ura, gaskiya ne, domin shi yana gani kuma yana amsawa. Amma a yi masa lissafin adalci. Tun watan Maris na 2023 mafi ƙarancin albashi a wannan ɓangare sefa 60,000 ne a wata, wato 720,000 a shekara, ban da rajistar CNPS da ranar hutu. Kamfanonin gadi kuma dokar 10 ga Satumba 1997, wadda aka gyara a 2014, ta wajabta musu lasisi, sai a nemi gani kafin a sa hannu. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗauko yaro daga Arewa Mai Nisa, a ba shi jaka 25 da tabarma, ya yi gadi da dare, ya wanke mota da safe, ya je cefane da rana, sannan a yi mamaki idan barci ya ɗauke shi. Haƙƙin ɗan ƙwadago abin tambaya ne gobe kiyama. Idan gida ɗaya ba zai iya ba, gida goma a layi ɗaya su haɗa jaka shida-shida, kuma wannan haɗin kan shi kansa rabin tsaron ne.

Akwai farashin da ba a biya da sefa. A 2014 aka gano wani shafin intanet mai suna Insecam yana nuna hotunan kyamarori kimanin 73,000 kai tsaye daga ƙasashe daban-daban, har da na cikin ɗakuna. Ba fasa su aka yi ba, masu su ne ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. Mu da muke gina zaure domin kada baƙo ya ga tsakar gida, muke yin sallama sau uku kafin mu shiga, yaya za mu kafa ido a inda iyali ke zama ba lulluɓi, mu miƙa mabuɗinsa ga yaron da ya zo girkawa? Ranar da aka gama aiki, maigida ya canza kalmar sirri da hannunsa, ya tabbatar asusun manhajar da lambarsa aka buɗe shi, ya cire ta mai girkawa. Kyamara ta kalli ƙofa da katanga da gareji. Kada ta shiga ɗakin kwana, kada ta kalli wurin wanka da shanya, kada kuma ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, domin shi ma yana da iyali. Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane ranar 23 ga Disamba 2024, hoton fuska kuma yana cikin bayanan mutum, amma tun kafin ta Suratul Hujurat ta hana mu bin diddigin juna. Zan faɗi abin da wasu ba za su so ba: maigidan da ya ce ya sa kyamara saboda ɓarayi, alhali daga shago yake ƙirga fitar matarsa da masu zuwa wurinta, ya shigo da zargi cikin gidansa, kuma zargi ya fi ɓarawo ɓarna. A gaya wa uwargida da yara da 'yar aiki inda kowace kyamara take, su ma su iya dubawa.

Na ƙarshe shi ne abin da za a yi da hoton idan an samu. Manyanmu a Douala 5 suna tune da zamanin Commandement Opérationnel, rundunar da aka kafa a watan Fabrairu na 2000 domin yaƙi da 'yan fashi, wadda jama'a suka yi wa maraba da farko saboda sun gaji. Ranar 23 ga Janairu 2001 aka kama matasa tara a Bépanda, nan kusa da mu, bisa zargin satar tukunyar gas guda ɗaya. Iyayensu ba su sake ganinsu ba. Zargi ne ya fita daga bakin maƙwabtaka ya faɗa hannun da ba ya tambaya. Yau hannun ya sauya kama: hoto mai duhu, fuska rabi a ƙarƙashin hula, wani ya ce ai wannan ɗan gidan wane ne, a tura a WhatsApp, kafin la'asar ya zaga New Bell. A garin da ake dukan wanda aka kira ɓarawo har ya mutu kafin 'yan sanda su iso, wanda ya fara turawa yana da kaso a jinin. Kuma kyamarar dare tana canza launin tufafi, tana baje kamanni, mutum biyu masu tsayi ɗaya su zama ɗaya.

Idan aka yi maka sata, ka kwafe hoton a filas kafin akwatin ya goge shi, ka ajiye kwafi biyu, ka kai ɗaya komisariya ko birged ɗin jandarma tare da takardar ƙara, ka bar tantancewa ga masu bincike. Tun yau kuma a duba agogon akwatin naɗiyar. Idan ƙaramin batirin da ke cikinsa ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke yakan koma wata tsohuwar shekara, kuma hoton da ke ɗauke da kwanan watan da ba daidai ba yana da wuyar tsayawa a gaban alƙali.